Ƙwallon Amurkawa: Kulob Na Mai Kuɗi Ne, Ko Na Mutanen Gari?

Daga Wakilinmu na Arewa

A kowace shekara idan watan Janairu ya kama, lokacin da hunturu ke tsananta a gida Arewa, ku kuma da ke Ikko da Badun da Fatakwal kuna samun ɗan ɓurɓushinsa, mutanen Amurka sukan shiga wani hali na ɗoki da fargaba. Ma'aikaci a ofis ba shi da hira sai ta ƙwallo, direban tasi ba ya kama wata tashar rediyo sai ta wasanni, dattijo kuma ya jawo tsohuwar rigar kulob ɗinsa daga ƙasan akwati ya kakkaɓe. Dalili kuwa shi ne a wannan wata ne ake shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale na ƙwallon da suka fi ƙauna, wanda ake ƙarewa da wasan ƙarshe mai suna Super Bowl a cikin watan Fabrairu.

Na san wani zai ce, ina ruwan mai sayar da goro a Agege ko mai canji a Sabon Badun da wasan da ko dokokinsa bai sani ba? To, a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Abin da ya ja hankalina ga wannan al'amari shi ne 'yan kallon, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fi ɗokin wannan wata mutane ne irinku, waɗanda neman abinci ya raba da garuruwansu. Ra'ayina kuma shi ne, kulob ɗin da jama'a suka yi shekara hamsin suna kuka da dariya a kansa ya zama amanar gari, ko da takardar mallakarsa tana aljihun mutum ɗaya.

YADDA WASAN YAKE

Da farko bari mu share fage. Su Amurkawa ƙwallon ƙafa suke ce masa, amma galibi da hannu ake yinsa, ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon doguwa ce mai tsini a kai biyu, kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, sanye da hular kwano da matasai a kafaɗa. Ana ba masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi ta tsakanin sanduna biyu ya sami maki 3.

Babbar ƙungiyar wasan, watau NFL, tana da kulob 32. Tun daga 2021 kowane kulob wasa 17 kawai yake yi a kaka, daga Satumba zuwa farkon Janairu. Daga nan sai a ware kulob 14, bakwai daga kowane rukuni, su shiga zagayen fidda gwani. A nan babu gida da waje, babu gyara kuskure a mako mai zuwa. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya kwashe kayansa, sai kuma wata shekara. Wannan ne ya sa abin ke da zafi, gama wahalar wata huɗu tana iya tashi a banza cikin daƙiƙa goma, kuma abin da ya faru a cikin daƙiƙan nan shi za a riƙa ba jikoki labari.

An yi Super Bowl na farko ran 15 ga Janairu, 1967, a Los Angeles, inda Green Bay ta ci Kansas City 35 da 10, kuma ko cika filin bai yi ba. Amma wanda aka yi a watan Fabrairu na 2025, wanda Philadelphia ta ci Kansas City 40 da 22, mutanen da suka kalle shi a Amurka sun haura miliyan 120. Mai son gani a nan ƙasar sai ya haƙura da barci, domin wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare agogonmu ake farawa.

MUTANEN BUFFALO DA HAƘURINSU

Idan ana son a gane abin da ake nufi da jira, sai a dubi Buffalo, wani gari a jihar New York kusa da iyakar Kanada, inda dusar ƙanƙara kan rufe motoci har a rasa inda aka ajiye su. Kulob ɗinsu, Buffalo Bills, ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi: ya kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere, a 1991 da 1992 da 1993 da 1994, kuma duka huɗun aka cinye shi.

Na farkon shi ne ya fi ciwo. Ran 27 ga Janairu, 1991, saura daƙiƙa takwas a tashi, New York Giants na da 20, Buffalo na da 19. Aka ajiye wa mai bugunsu, Scott Norwood, ƙwallo a nisan yadi 47. In ta shiga sun ɗauki kofi. Ya buga, ta kauce ta bi ta dama. To, a nan ne labarin ya ɗauki wata hanya. Da 'yan wasan suka koma gida, dubban mutane suka taru a dandalin tsakiyar gari cikin sanyi don tarbarsu, suka kama kiran sunan Norwood, ba su yi shiru ba sai da ya fito gabansu, hawaye na zuba a idonsa. Ku duba fa, mutumin da ya zubar musu da kofi shi suka ɗaga. Mu tambayi kanmu, da a wani filin namu ne abin ya faru, da ta wace ƙofa za a fitar da shi?

Akwai kuma ran 3 ga Janairu, 1993, lokacin da Houston Oilers suka yi musu 35 da 3, ga shi kuma babban mai jefa ƙwallonsu yana jinya, sai na ko-ta-kwana, Frank Reich. 'Yan kallo da yawa suka fid da rai suka fita suka nufi motocinsu. Suna can waje suka fara jin ihu daga cikin fili, suka dawo da gudu, wasu har suna haura shinge. Buffalo ta farke, ta ci wasan 41 da 38. Har yau mutanen garin na yi wa juna ba'a cewa waɗanda ke rantsuwa sun ga wasan nan da idonsu sun ninka kujerun filin sau da yawa.

Bayan wannan zamani sai fari ya sauka. Kaka 17 a jere, daga 2000 zuwa 2016, Buffalo ba ta ko leƙa zagayen Janairu ba. Yaron da aka haifa a farkon farin har ya isa tuƙa mota bai taɓa ganin abin da ubansa ke ba shi labari ba. Farin ya yanke ne ran 31 ga Disamba, 2017, da taimakon wani kulob dabam, lokacin da Andy Dalton na Cincinnati ya jefa ƙwallon da ta fitar da Baltimore, ta buɗe wa Buffalo ƙofa. Don godiya, mutanen Buffalo suka riƙa aika gudunmawa ga asusun taimakon yara marasa lafiya na Dalton, da yawansu dala 17 kowanne, watau dala ɗaya ga kowace shekarar jira, har kuɗin ya haura dala 300,000. A Janairun 2022 kuma, da Kansas City ta ƙwace musu wasa bayan suna gaba saura daƙiƙa 13, sai magoya bayan Kansas City suka rama alherin, suka riƙa aika dala 13 ga asibitin yara na Buffalo. A Janairun 2024 dusar ƙanƙara ta binne filinsu har aka ɗage wasa da kwana ɗaya, jama'a suka fito da shebur cikin dare suna kwashewa.

Har zuwa 2025 Buffalo ba ta taɓa ɗaukar Super Bowl ba. Da kofi kaɗai ake bi, da tuni filinsu ya zama kufai. Abin da ke riƙe da su shi ne labarin da suka tara tare, na daɗi da na ɗaci, wanda baƙo ba zai iya saye ba.

GARURUWAN DA 'YA'YANSU SUKA WATSE

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu. A 1950 mutanen Buffalo sun kai 580,000, amma a ƙidayar 2020 ba su kai 280,000 ba. Masana'antun ƙarfe sun rufe, mutane suka bazu neman aiki. Haka Pittsburgh, wadda ta faɗo daga mutum fiye da 670,000 zuwa kimanin 300,000.

Kulob ɗin Pittsburgh Steelers an kafa shi a 1933, ya yi kusan shekara 40 bai ci wasa ko ɗaya ba a zagayen fidda gwani. Ran 23 ga Disamba, 1972, ana gab da tashi, Oakland na gaba da maki ɗaya, aka jefa ƙwallo ta bugi wani ta yi baya, wani saurayi mai suna Franco Harris ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa ya ruga da ita har ƙarshen fili. Daga nan ƙofa ta buɗe, suka ɗauki Super Bowl huɗu, a 1975 da 1976 da 1979 da 1980. Ana cikin wannan murna masana'antun ƙarfe suka fara durƙushewa, magidanta suka ɗaure kaya suka nufi jihohin kudu da na yamma. Sun bar gidajensu da unguwanninsu, amma sun tafi da kulob ɗinsu a zuci. Shi ya sa duk garin da Steelers suka je wasa sai ka ga 'yan kallo suna kaɗa tawul mai ruwan ɗorawa, har ka ɗauka a gida suke. Da yawansu jikokin maƙeran nan ne, waɗanda ba su taɓa kwana a Pittsburgh ba. A filin jirgin saman garin an kafa mutum-mutumin Harris yana duƙawa zai cafe ƙwallon nan, kusa da na George Washington, shugaban ƙasarsu na farko. Harris ya rasu a Disambar 2022, saura kwana kaɗan a yi bikin cika shekara 50 da wannan rana.

Detroit, garin ƙera motoci, nata jiran ma mai tsawo ne. Rabon Detroit Lions da zama zakara tun 1957. A 2008 suka yi wasa 16 aka cinye su duka 16. A 2013 hukumar garin kanta ta bayyana cewa ta tsiyace. Daga Janairun 1992 ba su sake cin wasan fidda gwani ba sai ran 14 ga Janairu, 2024, da suka ci Los Angeles Rams 24 da 23. A wannan dare telebijin ya nuna ƙarti majiya ƙarfi suna kuka kamar yara. Wanda bai sani ba zai ce hauka ne a yi kuka don ƙwallo. Amma shekara 32 ba kwana 32 ba ce. Wanda ya kalli nasarar 1992 a gefen mahaifinsa, mai yiwuwa a 2024 shi ne uban, kujerar tsohon kuma babu kowa a kai. Ni a ganina, rabin hawayen nan na mamata ne.

Duk wanda ya taɓa zama a zango ya san wannan. Mutum na iya shekara ashirin a Kurmi, ya iya Yarbanci kamar ɗan gari, amma da ya ji an ambaci unguwarsu sai ka ga ya gyara zama. Baƙo yana bukatar wani abu da zai riƙe ya nuna wa ɗansa ya ce, ga inda muka fito.

MOTOCIN TSAKAR DARE

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan ƙauna da talakawa suka gina, ba su ne ke da ikon ta ba. Baltimore Colts kulob ne mai tarihi, ya zama zakara a 1958 da 1959, ya ɗauki Super Bowl a 1971. Mai shi, Robert Irsay, ya yi ta jayayya da hukuma kan sabon fili. A daren 28 ga Maris, 1984, mutanen gari na barci, manyan motocin kwasar kaya suka shigo suka loda komai, gari na wayewa kulob ya kama hanyar Indianapolis. Abin da ya rage wa Baltimore shi ne 'yan badujalar kulob ɗin, waɗanda suka ƙi watsewa, suka yi shekara 12 suna busa da kiɗa ba su da 'yan wasa.

Da Baltimore ta tashi samun madadi kuma, sai ta samu ta hanyar da aka cuce ta. A 1995 mai Cleveland Browns, Art Modell, ya ba da sanarwar zai kwashe kulob ɗinsa zuwa Baltimore. A wasan ƙarshe a Cleveland, 'yan kallo suka riƙa ɓalle kujeru, wasu don fushi, wasu don su kai gida su ajiye. Sai da aka kai ruwa rana kafin aka yarda a bar wa Cleveland sunan kulob da launin rigarsa da tarihinsa, aka ba su sabon kulob a 1999. Houston Oilers da muka ambata sun koma Tennessee. Rams sun bar St. Louis a 2016, Chargers sun bar San Diego a 2017, Raiders sun bar Oakland zuwa Las Vegas a 2020. St. Louis dai ta kai ƙara, aka sasanta a 2021 aka biya ta dala miliyan 790, amma kuɗi bai dawo da kulob ba.

Masu kare attajiran nan suna da hujja, kuma bai kamata a ƙi jin ta ba. Sun ce mutum ya zuba dukiyarsa, shi ke biyan 'yan wasa, in kasuwa ta mutu a wuri ɗaya dole ya nemi wata, kamar yadda kowane ɗan kasuwa ke yi. Ku da kanku, in ji su, ba haka kuka baro gida ba? Amsata ita ce, mai goro da ya tashi daga Kano zuwa Shagamu da jarinsa ya tafi, bai ɗauki na kowa ba. Shi kuwa mai kulob, darajar abin da ke hannunsa jama'a ne suka yi ta. A 2023 an sayar da kulob ɗin Washington a kan dala biliyan 6 da 'yan kai. Me aka saya da wannan kuɗi? Hular kwano da riguna? Abin da aka saya shi ne tabbacin cewa miliyoyin mutane za su zauna gaban telebijin kowace Lahadi saboda iyayensu sun zauna. Bugu da ƙari, yawancin filayen da kuɗin haraji ake gina su. Sabon filin Buffalo kaɗai, jiha da ƙaramar hukuma sun amince a 2022 za su zuba dala miliyan 850 a ciki. Idan talaka ne ya gina rumfa, shi ne kuma mai ciniki, bai dace a ce ba shi da ta cewa ranar da za a kwashe kasuwar ba.

Ko shi ɗokin na Janairu an mai da shi haja. A Super Bowl na 2024 tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7. A Janairun 2024 kuma aka ɗauki wasan fidda gwani guda, tsakanin Kansas City da Miami, aka sayar wa tashar intanet ta Peacock, ya zamana in ba a garuruwan biyu kake ba sai ka biya kafin ka gani. An san mai ƙauna ba ya iya haƙura, shi ya sa ake tatsarsa.

DARASIN GREEN BAY

Kada wani ya ce babu wata hanya, domin akwai. Green Bay ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin, mutanensa ba su wuce 110,000 ba, amma filinsa, Lambeau, yana cin mutum kimanin 80,000. Tun 1923 kulob ɗin Green Bay Packers na jama'a ne. Masu hannun jari sun haura 500,000, hannun jarin ba ya kawo riba ko ta kwabo, kuma an ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai iya riƙewa. Mutum yakan saya ne kawai ya rataye takardar a bango. Da aka sake sayarwa a 2021 a kan dala 300 kowane ɗaya, rububi aka yi. Masu jiran tikitin kaka sun haura 100,000, har iyaye kan rubuta sunan jariri da fatan layi ya zo kansa kafin ya tsufa.

A wannan fili ne aka yi wasan da har yau ake labari, ran 31 ga Disamba, 1967, cikin sanyin da ya kai digiri 25 ƙasa da sifiri, har usur na manne wa alƙalan wasa a leɓe. Mutane fiye da 50,000 suka zauna har ƙarshe, Green Bay ta ci Dallas 21 da 17. Wannan ƙaramin gari ya zama zakara sau 13, ya fi kowane kulob a tarihin gasar har zuwa 2025. Babu motar da za ta shigo da dare ta kwashe shi, domin babu mutum ɗaya da zai ba direba umarni. Abin lura kuma shi ne, dokokin NFL sun hana wani kulob ya bi wannan tsari, Green Bay kaɗai aka bari saboda ta riga dokar. Ai ka ji, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

ABIN DA IHU KE RUFEWA

Ba zan yi adalci ba in na tsaya a yabon 'yan kallo, domin akwai abu biyu da ya kamata mai ƙaunar wasan nan ya dube su ido da ido.

Na farko lafiyar 'yan wasa. Mike Webster yana cikin gwarzayen da suka ɗauko wa Pittsburgh kofuna huɗun nan. Bayan ya bar wasa hankalinsa ya rikice, har ya riƙa kwana a mota, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa ɗan ƙasarmu ne, Dokta Bennet Omalu, mutumin jihar Anambara. Shi ne ya gano cewa yawan karo da kai ya lalata ƙwaƙwalwar Webster, ya buga sakamakon bincikensa a 2005. Likitocin NFL suka yi masa ca, suka nemi a janye rubutun, amma daga baya gaskiya ta yi halinta. A 2013 ƙungiyar ta amince za ta biya tsofaffin 'yan wasa diyyar dala miliyan 765, daga bisani aka cire iyakar kuɗin. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar mamatan 'yan wasa 111, suka sami cutar a 110, ko da yake iyalan da suka ba da gawarwakin galibi waɗanda suka ga alamun ciwon ne tun mutanen na raye. Haka kuma ran 2 ga Janairu, 2023, zuciyar Damar Hamlin na Buffalo ta tsaya a tsakiyar fili, sai da likitoci suka farfaɗo da shi a gaban jama'a, aka soke wasan. Allah ya yi da sauran kwanansa, har ya koma wasa. Wannan batu ya shafe mu, domin 'ya'yan Nijeriya da yawa na cikin wannan sana'a, tun daga Christian Okoye ɗan Inugu, wanda ya fi kowa gudu da ƙwallo a kakar 1989, zuwa Osi Umenyiora da ya ɗauki Super Bowl biyu da New York Giants. Wanda ke tuna ranar nasara, ya wajaba ya tuna da wanda ya biya kuɗinta da kansa.

Na biyu caca. A watan Mayu na 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni, kuma cikin 'yan shekaru jihohi fiye da 30 suka buɗe ƙofa. NFL da a da take gudun Las Vegas, hedkwatar caca, ita ce ta kai Super Bowl can a 2024. Mai caca da mai ƙauna suna iya zama a benci ɗaya, amma ba abu ɗaya suke jira ba. Mutanen Buffalo sun yafe wa Norwood saboda ɗansu ne. Wanda ya sa kuɗin hayarsa a kan bugun nan ba zai yafe ba. Ba sai na yi dogon bayani ba, kowa na ganin shagunan da samarinmu ke cika a Ikko da sauran garuruwa, da takarda a hannu, ido ya yi ja.

NAMU YA SAMU

A ƙarshe, mu dawo gida. Dattawanmu na ba da labarin Mighty Jets ta Jos da ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972, da Raccah Rovers ta Kano da ta ci a 1978. Kano Pillars ta ci a 2008, ta kuma jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta dawo a 2023. Yau ka shiga gidan kallo a Idi-Araba ko Obalende, za ka tarar da yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen har da na benci, amma ka ce su kawo uku daga kulob ɗin jiharsu sai a hau kallon-kallo. Ban ce kallon na waje laifi ne ba, ga shi ni ma na cika shafi da labarin Amurka. Amma jikan maƙerin Pittsburgh da ke zaune a wata jiha ya san ranar 23 ga Disamba, 1972, domin wani ya zaunar da shi ya gaya masa.

Saboda haka shawarata biyu ce. Ga hukumomi da masu hannu da shuni da ke riƙe da kulob-kulob ɗinmu, su dubi Green Bay, su buɗe wa magoya baya ƙofar mallaka, har da na zango, don kada rayuwar kulob ta rataya a kan sauyin gwamnati ko fushin mutum ɗaya. Gare ku kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, duk ranar da kulob ɗin gida ya zo wasa garin da kuke, ku rufe shago na awa biyu, ku kama hannun yaro ku je fili, ko za a ci ko za a cinye. Ku je lafiya ku dawo lafiya, ba jifa, ba zagi. Yaron zai manta yawan ƙwallayen da aka ci, amma zai daɗe yana tuna wanda ya kai shi.

Allah ya ba mu alheri, ya maishe da kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.